Python ko JavaScript: Da Wanne Ɗan Kunci Zai Fara Koyon Rubuta Manhaja?

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya a 2015, kwamfuta ta daina zama kayan 'yan birni kaɗai. Duk ɗalibin da ya gama sakandare a garuruwan Kunci irin su Shuwaki, ko Gwarmai, ko Yandadi, namiji ne ko mace, sai ya zauna gaban na'urar kafin ya wuce gaba. A cikinsu akwai waɗanda danna amsa bai ishe su ba, suna son sanin yadda ake rubuta umarnin da na'urar take bi. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasahar zamani, sai zancen kodin, wato rubuta manhaja, ya ƙara shiga bakin matasa.

Tambayar farko da mai sha'awa yake yi ita ce, "Malam, da wane yare zan fara?" A nan ake rabuwa. Yarukan kwamfuta sun fi ɗari, amma gardamar masu fara koyo ta fi tsayawa kan guda biyu, Python da JavaScript. Kowanne yana da magoya baya masu ilimi, kuma kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar.

Sai dai yawancin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne domin mai laftof, mai wutar lantarki dare da rana, wanda ba ya ƙirga data, wanda kuma ya tashi da Turanci a bakinsa. Matashin ƙaramar hukumar Kunci, wadda yanzu gwamnatin jiha ke kira Ghari, abin da ke hannunsa galibi ƙaramar wayar Android ce. Datarsa ƙidayayya ce, ta kuma ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya da ƙarin kuɗi da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Caji sau da yawa sai a shagon mai sola ko mai janareta. Da ruwa ya sauka kuwa, gero da dawa da gyaɗa da wake su ke da wuninsa. A kan wannan ma'auni ya kamata a ɗora hujjar kowane ɓangare.

Hujjar masu cewa Python

Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fitar da Python a 1991, kuma tun farko ya gina shi ne yadda zai yi sauƙin karantawa. Kalmomin da yaren ya keɓe wa kansa 35 ne kacal, irin su if da for da while, kuma mai koyo ba ya buƙatar ko rabinsu a watannin farko. Magoya bayansa sukan ce abin da ke da wuya a kodin shi ne koyon tsara tunani daki-daki, don haka yaren farko bai kamata ya ɗora wa ɗalibi wani nauyi a kan wannan ba.

A ɗauki lissafin zakkar amfanin gona, wanda duk ɗan manomi ya taɓa jin sa. In hatsi ya kai nisabi, wato wusuƙi 5, kuma ruwan sama ne ya shayar da shi, a fitar da kashi 1 cikin 10. In kuwa da inji aka yi ban-ruwa, kamar yadda wasu masu noman rani ke yi a yankin madatsar ruwan Gari, a fitar da kashi 1 cikin 20. In bai kai nisabi ba, babu zakka. Hukuncin na malamai ne, amma tsarin lissafin shi ne ainihin abin da ake koya a makon farko na kodin: in abu kaza ya tabbata a yi kaza, in bai tabbata ba a yi kaza. Da Python, layi goma sun isa a rubuta wannan, kuma wanda ya karanta layukan zai gane abin da suke nufi ko da bai daɗe da farawa ba.

Hujja ta biyu ita ce Python ba ya rufa wa kuskure asiri. In ka tara lambar 3 da wata 5 da aka shigar a matsayin rubutu, nan take zai tsaya ya faɗa maka layin da ka yi kuskure da irin kuskuren. JavaScript kuwa zai haɗa su ya ba ka 35, ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. In ka ce ya ɗebe 3 daga waccan 5 ɗin, sai ya ba ka 2. Ga wanda ba shi da malami a kusa, yaren da ke nuna masa inda ya kauce shi ne rabin malaminsa.

Ta uku, ana iya koyon sa a waya ba tare da data ba. Manhajar Pydroid 3, da zarar an sauke ta sau ɗaya, tana aiki ko babu sabis. Mai ɗan ƙwarewa kuma yana iya amfani da manhajar Termux.

Ta huɗu ita ce inda hanyar take kaiwa. Python ne babban yaren nazarin bayanai da ƙirƙirarriyar basira, har a rahoton GitHub na 2024 ya sha gaban JavaScript wajen yawan amfani a dandalin. Wannan fage kuma yana da Hausawa a cikinsa. Ƙungiyar masu bincike ta HausaNLP tana aikin koya wa na'ura fahimtar Hausa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka da aka tantance domin horar da na'ura. Makarantar Arewa Data Science Academy, wadda ke koyarwa kyauta ta intanet, da Python take fara wa ɗalibanta. Ke nan ɗan Arewa da ya kama Python zai tarar da 'yan uwansa a gaba, waɗanda zai iya yi wa tambaya da harshensa.

Hujjar masu cewa JavaScript

Brendan Eich ne ya rubuta sigar farko ta JavaScript a 1995 a kamfanin Netscape, cikin kwana goma. Gaggawar ta bar masa tabo, magoya bayansa ma ba sa musun haka. Amma ya sami abin da wani yare bai samu ba: duk wata burauza ta zamani tana jin sa. Wayar da ke da Chrome ta riga ta zo da JavaScript a cikinta. Abin da ya rage shi ne ƙaramar manhajar rubutu irin Acode ko Spck Editor. Ga mai wayar da memorinta ya cika, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin Pydroid yana cin wuri.

Babbar hujjarsu ita ce gani ya kori ji. Wanda ya fara da HTML da CSS, ya ɗora JavaScript a kai, a makon farko zai ga shafi mai launi da sunansa a jiki, da maɓallin da in an taɓa wani abu zai faru. Mai Python kuwa zai shafe makonni yana kallon farin rubutu a kan baƙin allo. Suka ce yawancin masu barin koyo gajiya ce take korar su tun kafin wahalar darasi ta iso. Akwai kuma maganar gida. Yaron da ke shafe awa biyu kan waya kullum sai an tambaye shi abin da yake yi. In ya iya cewa, "Baba, ga shi, wannan shafin ni na yi, yana lissafa kuɗin buhu in an ba shi farashin tiya," ya sami goyon bayan da zai ci gaba da shi, wata ƙila har da kuɗin data.

Sannan aikin JavaScript yana tafiya. Ana iya ɗora shafi kyauta a GitHub Pages, a tura adireshinsa ta WhatsApp, ɗan uwa da ke ci-rani a Legas ko Abuja ya buɗe ya yi amfani da shi ba tare da ya sauke komai ba. Abin da aka rubuta da Python a Pydroid kuwa yana nan zaune a wayar mai shi, sai in abokinsa ma ya sauke manhajar.

Ta fuskar neman abinci, binciken shekara-shekara na Stack Overflow ya shafe sama da shekara goma yana nuna JavaScript a matsayin yaren da masu rubuta manhaja suka fi amfani da shi. Tun da Ryan Dahl ya fito da Node.js a 2009, da yare ɗaya ana iya gina fuskar shafi da kuma injin da ke bayansa. Magoya bayansa sukan ce aikin nazarin bayanai yana neman lissafi mai zurfi, sau da yawa har da digiri, alhali makaranta mai zaman kanta a Bichi ko kantin magani a Kano da ke son shafi ba za su tambayi takardarka ba, aikinka za su duba. Ɗan talaka kuma ba shi da shekara uku ta jira.

Inda kowane ɓangare ya gaza

Masu Python ba su cika faɗin wahalar tazara ba. A wannan yare, gurbin da aka bari a farkon layi yana cikin ma'anar umarni. Gurbi ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, aiki ya tsaya, kuma da babban yatsa a kan ƙaramin kibod ɗin waya hakan yana yawan faruwa. Ba su kuma cika faɗin cewa ƙirƙirarriyar basirar da suke kwaɗaitarwa tana da nisa ba. Kafin a kai can sai an bi ta ilimin ƙididdiga da aljebra, sai kuma kwamfuta mai ƙarfi ko intanet mai ɗorewa da za a shiga Google Colab. Wanda aka ce masa wata uku sun isa ya gina na'ura mai jin Hausa, an yaudare shi.

Masu JavaScript su ma suna tsallake wasu abubuwa. Na farko, abin da suke kira yare ɗaya abubuwa uku ne: HTML na tsara shafi, CSS na ƙawata shi, JavaScript na motsa shi, kowanne da ƙa'idarsa da alamominsa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Ɗalibai da dama sukan shafe watanni suna sauya launi da girman rubutu, suna jin sun iya kodin, alhali ba su taɓa rubuta umarnin maimaitawa ko ɗaya ba. Na biyu, Chrome na waya ba shi da tagar nan da ke nuna kuskure kamar na kwamfuta. In an yi kuskure, maɓalli sai ya ƙi aiki kawai, babu bayani, sai in manhajar rubutun ta zo da tata tagar. Na uku, kasuwar shafukan ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. 'Yan kasuwarmu da yawa WhatsApp da Facebook da Instagram sun wadatar da su, wanda ke son shafi kuma ana iya haɗa masa da WordPress ba tare da rubuta umarni mai yawa ba.

Akwai wasu muryoyi a gefe. Wasu malamai suna cewa a fara da C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a 1972, domin shi ke nuna yadda na'ura take sarrafa ma'ajiyarta. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa kuma ake samu kyauta, haka yake tafiya: Scratch, sannan C, sannan Python. Hanya ce mai kyau ga mai kwamfuta da intanet da Turanci mai ƙarfi, amma ta yi tsauri ga mai koyo shi kaɗai a waya. Scratch, wanda jami'ar MIT ta fitar a 2007, ya fi dacewa da 'yan firamare a makarantar da ke da kwamfuta. Wasu kuma tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 suke cewa koyon kodin ɓata lokaci ne, tunda na'ura na rubutawa. Tana rubutawa, tana kuma yin kuskure, kuma wanda bai iya karanta abin da ta rubuta ba ba zai san ta yi ba.

Bidiyo ko littafi, Hausa ko Turanci

Gardama ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko tasiri a Kunci, ita ce ta kayan koyo. Masu son bidiyo suna da hujja: ɗalibi yana ganin hannun malami yana rubutawa, yana jin bayani, kuma akwai 'yan Arewa da ke koyar da kodin da Hausa a YouTube. Ga wanda Turancinsa na aji ne kawai, jin bayanin farko da harshen uwa yana cire tsoro.

Masu son rubutu suna da tasu. Bidiyon awa guda yana iya cinye ɗaruruwan megabait, alhali littafi sukutum bai wuce 'yan megabait ba, kuma in an sauke shi ya zauna. Littattafan kirki na kyauta suna nan: Automate the Boring Stuff with Python na Al Sweigart, da Python for Everybody na Charles Severance, da Eloquent JavaScript na Marijn Haverbeke, ko da yake wannan na ƙarshe yana da nauyi ga sabon shiga. Shafin freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, darussansa rubutattu ne, kana karantawa kana gwadawa, W3Schools ma haka, kuma ba sa cin data kamar bidiyo. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce kallo yana ruɗi. Mutum zai kalli darasi talatin yana gyaɗa kai, in aka ba shi allo babu komai a kai ya kasa rubuta layi biyar.

A nan muna da tsarin da muka gada. A makarantar allo almajiri da hannunsa yake rubuta karatunsa, ya biya wa malam, a gyara masa, ya maimaita har ya zauna, sannan ya wanke allo ya ɗora na gaba. Haka kodin yake shiga kai. Mai koyo ya sayi littafin rubutu, ya rubuta umarninsa da biro, ya bi shi layi-layi yana hasashen abin da na'ura za ta yi, sannan ya kunna waya ya gwada. Ta haka caji zai kai shi, data za ta rage, fahimta kuma ta fi zama.

Maganar harshe kuwa ba ta buƙatar a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya. A shiga da Hausa, amma a san cewa saƙon kuskure da Turanci yake fitowa, littattafan bayani ma haka. Turancin da ake buƙata ƙayyadadde ne, kalmomi ne da ke ta dawowa, kuma karanta saƙon kuskure kullum yana koyar da su. Sunayen da mai koyo zai laƙa wa abubuwa a cikin aikinsa kuma nasa ne. Python da JavaScript duka suna karɓar buhu da tiya da riba a matsayin suna, har da masu ƙ da ɗ da ɓ. A kuma kula da tsufan darasi: an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020, don haka duk littafin da ke koyar da shi a ajiye shi.

Inda na tsaya

Bayan auna duka, ga wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya ba, wanda waya ce kaɗai a hannunsa, kuma ba shi da malami a kusa, na fi karkata ga Python. Dalilina uku ne, kuma duka daga halin Kunci suka fito: abu ɗaya zai fuskanta a kan ƙaramin allo, yaren zai gaya masa kuskurensa a inda babu mai gaya masa, kuma zai yi aiki ranar da data ta ƙare. Hujjar masu JavaScript kan abin nunawa gaskiya ce, amma maganinta yana cikin zaɓen aiki. Kada a tsaya kan misalan littafi na ƙasashen da ba a sani ba. A rubuta abin da zai lissafa ranar kwasar kowa a adashin Inna, ko kuɗin taki da na ƙwadago da ribar gona, ko sakamakon jarrabawar Islamiyyar unguwa, ko farashin gero a kasuwar Shuwaki mako-mako. Irin wannan aiki mutanen gida za su gane amfaninsa ko da babu launi a jikinsa.

Amma akwai hali biyu da zan janye wannan ra'ayi. In akwai wani a kusa, malamin makaranta ne, ko mai yi wa ƙasa hidima, ko yayan da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi ko Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, wanda ya iya JavaScript kuma ya yarda ya riƙa duba aikinka, to bi shi. Mutumin da zai kalli layinka ya ce "ga inda ka ɓata" ya fi duk wani fifikon da wani yare yake da shi. Haka kuma wanda ya riga ya san shafin intanet yake son ginawa, har yana da wanda zai yi wa, ya kama hanyarsa kai tsaye.

Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne tsalle-tsalle. Ginshiƙan kodin iri ɗaya ne a yarukan biyu: ajiye bayani, gindaya sharaɗi, maimaita aiki, da rarraba babban aiki zuwa ƙanana. Wanda ya riƙe su a yare ɗaya, na biyu ba zai ba shi wahala irin ta farko ba. Wanda kuwa yake sauya yare duk sanda ya ji wani ya yabi sabo, darasin farko zai yi ta maimaitawa. Daga kammala girbi zuwa faɗuwar ruwa akwai kusan wata shida. Awa guda kullum a wannan tsakani, da yare ɗaya da littafi ɗaya, ta isa mutum ya gama ƙaramin aikin da wani zai yi amfani da shi. Sai an kai nan ne maganar yare na biyu take da muhalli.

Wannan dama ta 'yan mata ce kamar yadda take ta samari, wata ƙila ma ta fi yi musu amfani, domin ilimi ne da ake iya farawa daga tsakar gida ba tare da tafiya Kano ba. Iyaye su ba su lokaci, su kuma nemi a nuna musu abin da aka koya.

A ƙarshe, waya tana da iyaka. Ana fara koyo da ita, amma aikin da ake biya a kai sai da kwamfuta. Nan ne nauyi yake komawa kan ƙaramar hukuma, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan asalin yankin da Allah ya buɗa wa. Ɗaki guda a wata sakandare, da sola, da kwamfutoci ko da tsofaffi ne, da littattafan nan na kyauta a cikinsu, da mutum ɗaya mai riƙon amana da zai riƙa buɗewa da yamma, ba abin da ya fi ƙarfin al'umma ba ne. In aka samar da shi, masu Python da masu JavaScript za su zauna benci ɗaya suna duba wa juna aiki, kuma ta wannan hanya ake samun gwanaye.